Kurakuran da aka fi yi wajen gano cutar tauraron ɗan'adam

Da tauraro ya samu matsala, sai ka ji an ce rana ce ta yi aman wuta. Wannan gaggawar kan ɓatar da injiniyoyi. A ranar 20 ga Janairun 1994, taurarin Kanada Anik E1 da E2 sun rasa saiti ba tare da wani babban aman rana ba. Elektiron masu ƙarfi ne suka yi kwanaki suna taruwa a cikin kayan lantarkinsu, har cajin ya yi tartsatsi ya lalata da'irar da ke sarrafa wilin daidaita tauraron. Sai da E2 ya yi kusan wata 5 kafin ya koma aiki. Saboda haka kada a tsaya kan ranar da abin ya faru. A koma baya kwanaki a bayanan GOES, wato taurarin Amurka masu lura da yanayi, a tara adadin elektiron da ƙarfinsu ya haura MeV 2 (MeV ma'aunin ƙarfin ƙwayoyi irin su elektiron ne).

Wani sakacin shi ne rubuta lokaci kawai a manta da wuri. Cajin da ke taruwa a fatar tauraro ya fi yin ɓarna tsakanin tsakar dare da asuba, bisa agogon inda tauraron yake. Shi kuwa mai shawagi ƙasa-ƙasa, a zana wuraren da yake tuntuɓe a taswira. In sun taru a saman kudancin Tekun Atlantika, inda maganaɗisun duniya ke da rauni, ƙwayoyin firoton masu ƙarfi ne ke dukansa.

Akwai kuma masu ɗaukar cuta biyu a matsayin ɗaya. Ƙwaya ɗaya mai ƙarfi daga sararin samaniya na iya juya sifili ya koma 1 a ma'adanar kwamfuta, maganinsa a sake rubuta wurin. Amma in aka ga wani sashe yana zuƙar wuta fiye da ƙa'ida farat ɗaya, guntun lantarkin ne ya maƙale. A yanke masa wuta nan take sannan a kunna, in ba haka ba zai ƙone.

Kafin duk wannan ma, a tabbatar laifin tauraron ne. A Najeriya da sauran ƙasashen da ke kusa da layin ikwaita na maganaɗisun duniya, iskar can sama mai ɗauke da caji kan hargitse bayan magariba, siginar GPS ta riƙa yankewa alhali tauraron lafiyarsa ƙalau. A tuntuɓi wata tashar mai nisa. In ita tana samun siginar daram, matsalar a kan hanya take.