Kurakuran da ke sa kankaren sokawe da magudanar ƙazanta ya lalace

Idan murfin sokawe ya rufta a Gombe, ko bututun kankare ya fara marmashewa ta ciki, akan ɗora wa magini laifi, a ce ya rage siminti. Wani lokaci haka ne, amma sau da yawa ɓarnar aikin ƙwayoyin bakteriya ce, kamar yadda C. D. Parker ya gano a birnin Melbourne na Ostareliya a 1945. Wasu ƙwayoyin suna zaune cikin laka da yauƙin da ke ƙarƙashin ruwan ƙazanta, inda iska ba ta kaiwa, suna fitar da iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Idan ta taso ta sauka kan kankare mai danshi, sai wasu ƙwayoyin daban su mayar da ita asid ɗin farar wuta, wanda ke mai da siminti fari, mai laushi kamar ƙullu. Shi ya sa mai duba ƙasan bututu kaɗai ya yi kuskure, domin ɓarnar tana sama da bakin ruwa.

Wani kuskuren shi ne toshe bututun fitar iska na sokawe saboda wari, alhali toshewar ce ke tara wa ƙwayoyin abinci da danshi. Gyaran shi ne a ƙara tsawonsa ya wuce rufin ɗaki. Haka nan shimfiɗa bututu ba tare da gangara ba yana sa ruwa ya kwanta, laka ta taru, zafin Maris da Afrilu kuma ya hanzarta aikin ƙwayoyin.

Wasu sukan zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta, wanda ba ya ratsa yauƙin sosai, sai dai ya cutar da ƙwayoyi masu amfani da ke narkar da ƙazanta. Manyan biranen duniya sukan sa sinadarai irin su gishirin ƙarfe ko naitiret cikin ruwan ƙazanta domin sauya yanayin da ƙwayoyin ke rayuwa a ciki, a gida kuwa yashe laka a kan lokaci ya fi sauƙi.

Yin filasta a kan wurin da asid ya riga ya cinye ɓarnar kuɗi ce, sai an kankare shi har a iske mai ƙwari, sannan a lulluɓe da roba ko siminti mai jure asid. Kada ma'aikaci ya shiga ramin don ya ji warin ya ragu, domin iskar idan ta yi yawa tana kashe jin ƙanshi, tana kuma kisa.