Idan annoba ta shiga makaranta a Zangon Kumasi: yadda ake killace ɗalibai da yadda karatu zai ci gaba daga gida

A ƙarshen 2017 murar H1N1 ta shiga makarantar kwana ta Kumasi Academy da ke Asokore Mampong, ɗalibai huɗu suka rasu. Ranar 16 ga Maris 2020 aka rufe makarantun Ghana baki ɗaya saboda korona, kuma 'yan firamare ba su sake zama a aji ba sai Janairun 2021. Tsakanin manyan annoba irin waɗannan akwai ƙanana da ke zagayowa, su ƙyanda da ƙaranbau da hangum da ciwon idon Apolo.

Wannan bayani na shugabannin makarantu ne da malaman Islamiyya da iyaye a Aboabo, Asawase, Sawaba, Tafo da sauran unguwanninmu. Ƙa'idar da aka tsara don gidan da kowane yaro ke da ɗakinsa da kwamfutarsa ba za ta yi aiki a gidan haya mai bayi ɗaya ba, inda wayar gidan guda ce, ita ma tana bin uwa kasuwa tun da asuba. Dole a yanka tsarin daidai da gidajen da yaran ke kwana.

Ranar da aka ga alamar farko

Yara iri biyu ne ake tsayarwa a gida, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Akwai wanda ciwo ya bayyana a jikinsa, wannan keɓe shi ake yi har ya daina yaɗawa. Akwai kuma wanda ya zauna kusa da shi amma yana garau, wannan sa masa ido ake yi har kwanakin da cutar ke ɓuya a jiki su wuce. Kada a haɗa su ɗaki ɗaya. A makarantun kwana wannan kuskuren ne ke mayar da mutum uku su zama talatin.

Tun kafin a buƙata, a ware ɗaki mai taga, da tabarma ko katifa mai rufin leda, da bokiti, da takunkumin fuska, da na'urar auna zafin jiki. Zafi daga digiri 38 zuwa sama zazzaɓi ne. Na'urar da ake haskawa a goshi tana yin ƙarya idan yaro ya shigo daga cikin rana, don haka a bar shi ya huta a inuwa minti goma a sake aunawa. Akwai kuma iyayen da ke ba yaro farasitamol da safe don kada ya rasa darasi, zafin ya kwanta, sai tsakar rana ya dawo bayan yaron ya gama cuɗanya da aji. A roƙe su su daina, a kuma tabbatar musu ba za a hukunta yaro kan fashin ciwo ba.

Ba kowane zazzaɓi ne na annoba ba. A Kumasi maleriya ce kan gaba, kuma gwajinta na yatsa minti goma sha biyar zuwa ashirin ne. Amma wuyan da ya sanƙare, farfaɗiya, numfashi sama-sama, barcin da ba a iya tayar da yaro, ko jini daga hanci da dasashi tare da zazzaɓi, waɗannan ba a jiran gobe. A kai asibiti nan take, ko a kira 112.

Daga nan shugaban makaranta ya sanar da ofishin lafiya na gunduma da malamin da ke riƙe da shirin lafiyar makarantu na SHEP. Yaro ɗaya da ake zargin ƙyanda ya isa a kai rahoto a ranar. Jami'an lafiya ne ke ɗaukar samfur su aika gwaji, irin wanda cibiyar KCCR ta Kumasi da Noguchi ta Accra suka riƙa yi lokacin korona. Su ne kuma, tare da hukumar ilimi ta GES, ke yanke shawarar rufe aji ko makaranta. Shugaban makarantar kwana da ya firgita ya sallami ɗalibai, ya cusa cutar ke nan a cikin motocin haya na trotro zuwa garuruwa da yawa. Iyaye ma su daure kada su yi dafifi a bakin ƙofa suna neman kwashe 'ya'yansu, ko da yake mun san abin da zuciyar uwa ke ji a irin wannan rana.

Abin da jami'an za su fara tambaya shi ne wa ya zauna da wa. A tanadi rajista, da zanen yadda ake zama a aji, da sunayen abokan ɗakin kwana, da waɗanda ke cin kwano ɗaya da yaron. A rubuta har da Islamiyyar da yake zuwa da yamma ko Asabar da Lahadi. Nan ne aka fi yin sakaci: a tsayar da yaro daga boko, la'asar na yi ya ɗauki allonsa ya tafi ya zauna kafaɗa da kafaɗa da yaran makarantu biyar. Hukuncin da ya hau kansa a boko ya hau kansa a wajen malam, da masallaci, da filin ƙwallo, da talla.

Ƙidayar kwanaki

Kowace cuta da nata lissafi. Mai ƙyanda yana yaɗawa daga kwana huɗu kafin ƙuraje su fito har kwana huɗu bayan fitowarsu. Ranar da suka fito ba a ƙirga ta. Idan Litinin ce, sai a ƙirga Talata, Laraba, Alhamis, Juma'a, ya koma aji Litinin ta gaba in ƙarfinsa ya dawo. Ƙwayar ƙyanda tana iya zama cikin iskar ɗaki har awa biyu bayan mai ita ya fita, shi ya sa ake buɗe tagogi a bar ajin fanko. A duba katin awon kowane yaro, domin a Ghana ana yin allurar ƙyanda a wata 9 da wata 18. Wanda ba a yi wa ba, in aka yi masa cikin awa 72 da haɗuwa da mai ciwon, tana iya kare shi. In lokacin ya wuce, ana sa masa ido har kwana 21.

Mai ƙaranbau yana zama gida har duk ƙurajen su bushe su yi ɓawo, yawanci kwana biyar zuwa bakwai, kuma tana iya ɓuya kwana 10 zuwa 21 a jikin wanda ya ɗauka. Kada a ba mai ƙaranbau ko mura asfirin, yana iya jawo wa yaro mummunan ciwon hanta da ƙwaƙwalwa. Hangum kwana biyar ne daga ranar da kumburi ya fara. Mura mai zazzaɓi sai yaro ya cika awa 24 ba zafi kuma ba tare da magani ba. Amai da gudawa awa 48 bayan na ƙarshe. Apolo sai idon ya daina zubar da ruwa da kwantsa, kuma kada a ɗiga masa wani abu da likita bai rubuta ba. Korona a 2020 kwana 14 ake killace wanda ya yi mu'amala da mai ita, daga baya aka rage, saboda haka a bi sanarwar hukumar lafiya ta lokacin. Da cutar Marburg ta ɓulla a yankin Ashanti a 2022, kwana 21 aka bi sawun waɗanda suka yi hulɗa da masu ciwon, kuma irin wannan aikin jami'ai ne kaɗai.

Ga inda lissafi ke rikicewa a gidajenmu. Kwanakin wanda ya yi mu'amala suna farawa ne daga haɗuwar ƙarshe. Ƙanin da ke kwana tabarma ɗaya da yayansa mai ƙyanda kullum sabuwar haɗuwa yake yi, don haka nasa lissafin bai fara ba sai ranar da yayan ya daina yaɗawa. Inda ɗaki ɗaya ne, a ba mara lafiya gefen taga, a bar aƙalla mita ɗaya tsakanin shimfiɗu, a ware masa kofi da cokali da buta da tawul, mutum ɗaya ya riƙa jinyarsa. Kada mai jinyar ta zama mai ciki ko tsohuwa. Yara masu sikila ko asma, da malamai mata masu juna biyu, a sanar da su tun ranar farko su nemi shawarar likita.

Sunan yaron kuwa ba na shelantawa ba ne. A ce an samu cuta kaza a aji kaza. Da zarar an kunyata gida ɗaya, sauran gidaje za su fara ɓoye marasa lafiyarsu.

Ruwa, sabulu da bilic

A ajiye bokitin Veronica, mai famfo a gindi da kwano a ƙasa, a ƙofar kowane aji da bakin bayi da wajen masu sayar da waakye (shinkafa da wake) da koko. A sa sabulun ruwa, a cuɗa hannu daƙiƙa 20, a bar shi ya bushe da iska, domin tawul ɗaya na aji shi ne babban dillalin Apolo. A naɗa wanda zai riƙa cika bokitin da zubar da ruwan kwano, in ba haka ba kafin mako ya fita zai bushe.

Don goge tebura da hannun ƙofa da kan famfo, a duba ƙarfin bilic a jikin kwalba. In kashi 5 cikin ɗari ne, a zuba mililita 200 a bokiti a cika da ruwa zuwa lita 10. In kashi 3.5 ne, mililita 300. Amai ko jini yana son mai ƙarfi: awo ɗaya na bilic cikin awo tara na ruwa, ko cikin awo shida in mai 3.5 ne, a bar shi minti goma kafin a kwashe da safar hannu. A fara wanke wurin da sabulu, don datti yana kashe ƙarfin bilic. A haɗa sabo kullum, kada a gauraya shi da wani maganin wanke bayi saboda hayaƙinsa guba ne, kuma kada a fesa shi a jikin yara.

Karatu daga gida

A 2020 gwamnati ta buɗe Ghana Learning TV da darussan rediyo, da dandalin iCampus na 'yan sakandare. Sun taimaki wanda ke da wuta da talabijin da babban da zai zaunar da shi. Abin da ke riƙe yaro ga karatu shi ne malaminsa da ya san sunansa yake kuma jiran aikinsa.

A farkon kowane zangon karatu a raba gidajen ɗalibai kashi uku: masu babbar waya da data, masu ƙaramar waya ta kira, da marasa komai. A rubuta sunan mai wayar da lokacin da take gida. Darasin bidiyo kai tsaye a Zoom yana iya cin fiye da rabin GB a awa, ga shi yana buƙatar wayar ta kasance a hannun yaro ƙarfe tara na safe, lokacin da take kasuwar Kejetia. Saƙon murya na minti biyar a WhatsApp da wuya ya wuce MB ɗaya ko biyu, kuma yana jiran mai shi har dare. Shi ya fi dacewa da mu.

Darasi ɗaya ya ƙunshi saƙon murya na minti uku zuwa biyar kan batu guda, da hoton rubutun malam da aka ɗauka cikin haske, da tambayoyi biyar. A aika da dare bayan isha, yaro ya kwafe a littafi kafin wayar ta fita, ya yi aikin da rana, a turo hotonsa washegari da dare. A ba da rangwamen kwana biyu saboda ɗaukewar wuta. A buɗe zaure biyu a WhatsApp: ɗaya malami kaɗai ke iya turawa, ɗaya na tambayoyi, in ba haka ba gaisuwar Juma'a da sanarwar suna za su binne darasin. Umarni ga iyaye a faɗe shi da murya cikin Hausa da Twi, domin uwa da yawa ba ta karanta Turanci amma tana iya tsare yaro ya gama shafinsa in ta san wane shafi ne. A gaya musu tun farko makaranta ba za ta nemi kuɗi ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, daga baƙuwar lamba ba. Malami kuma kada ya riƙa aika wa ɗaliba saƙo ita kaɗai, komai ya bi ta zaure ko ta wayar iyaye.

Kada a kwaso jadawalin aji gaba ɗaya a ɗora wa gida. 'Yan aji ɗaya zuwa uku awa ɗaya ta ishe su, karatu da lissafi. Aji huɗu zuwa shida awa biyu. 'Yan JHS, wato ƙaramar sakandare, awa uku, a fifita Turanci da lissafi da kimiyya, masu jiran jarrabawar BECE ta kammala JHS a ƙara musu tsofaffin tambayoyi. Yaron da ke kwance da zazzaɓi ba a ba shi aiki sai ya warke.

Marasa babbar waya a buga musu takarda biyu gaba da baya a mako, babba ɗaya daga gida ya karɓa ranar Litinin ya dawo da ta makon jiya, malami ya kira minti biyar a tsakiyar mako. Malamin Islamiyya ya karanta aya biyar a saƙon murya, almajiri ya maido da haddarsa, malam ya gyara masa.

A riƙe rajistar waɗanda suka turo aiki. Yaron da ya yi shiru kwana uku a kira gidansu, in ba a samu ba a aika ta hannun limamin unguwa ko mai unguwa. A fi sa ido kan 'yan mata, domin su ake fara ɗora wa raino da talla, kuma in shirun ya kai wata guda dawowarsu aji kan yi wuya.

Ranar komawa a duba kwanakin kowane yaro a rajista kafin ya shiga aji. A makon farko a yi ɗan gwaji na tambaya goma a karatu da lissafi, ba na maki ba, a ware waɗanda suka ja baya a ba su rabin awa kullum bayan tashi na tsawon mako biyu zuwa uku. A ci gaba da auna zafi da rubuta dalilin fashin kowane yaro har jami'an lafiya su sanar cewa cutar ta bar makarantar.