Kurakuran da ɗalibai ke tafkawa a intabiyun intanship na kamfanonin ƙera jiragen sama

Abin da ya fi ci min rai shi ne ka ga ɗalibi mai ƙoƙari, makinsa tsaf, amma da an jefo masa tambayar da bai sani ba sai ya hau kame-kame yana ƙirƙiro amsa. Dan Allah kar ka yi haka. Wannan sana'a ce da ran mutane ke rataye a kan lissafinka, injiniyan da ke zaune gabanka so yake ya gane ko kai mai ɓoye kuskure ne. Ka ce masa ban taɓa yin wannan ba, amma ga ta inda zan faro, sai ka ja takarda ka zana, kana yi kana faɗin abin da ke ranka yana ji, ko baka kai ƙarshe ba ya riga ya ga yadda kanka ke aiki, kuma abin da ya zo nema kenan.

Sai rubuta lamba tsirara babu ma'auni. Ka rubuta 500, to 500 ɗin me? A 1999 NASA ta yi asarar kumbonta Mars Climate Orbiter saboda wani ɓangare ya yi lissafin ƙarfi da ma'aunin fam, ɗayan kuma yana zaton ma'aunin niyuton ne. Duk lambar da ka rubuta ka liƙa mata ma'auninta.

Wasu kuma sai su kwana suna haddar manyan abubuwa su bar tushe. Ƙarfi huɗun da ke aiki a jikin jirgi, wato mai ɗaga shi, nauyinsa, turin inji da turjiyar iska, ya zama kana iya bayaninsu ko daga barci aka tashe ka. Ka san me ya sa ake ninka lodi da 1.5 wajen lissafin ƙarfin gangar jirgi. Ka san gajiyar ƙarfe, ita ce ta tarwatsa jiragen fasinja na Comet a sama a 1954, kullum ana cika cikinsu da iska ana saki har ƙaramin tsagi ya yi ta girma.

Ga wanda ya fi yawa, maganar firojet. "Mun haɗa ɗan jirgi mara matuƙi, mun gwada, mun yi nasara." To kai me ka yi? Gara ka ce ni na zana fiffiken, a gwaji na biyu ya karye daidai mahaɗinsa da gangar jiki, na koma lissafi na ga wurin ya yi siriri na ƙara masa kauri. Wallahi wannan karyewar ta fi labarin nasara daraja a wurinsu. Haka kuma kar ka cika CV da sunayen manhajojin zane da lissafi irin su CATIA da MATLAB alhali sau ɗaya ka taɓa buɗe su, tambaya biyu za ta tona maka asiri.

Ka san kamfanin kafin ka je, kar ka zauna gaban mutanen Rolls-Royce ko Pratt & Whitney kana cewa burinka ƙera fukafukai, su injin jirgi suke yi. In kuma a Amurka kake nema ka karanta tallar da kyau tun farko, dokar ITAR, mai taƙaita fitar da makamai da fasahar soja daga Amurka, ta sa guraben da yawa sai ɗan ƙasa ko mai takardar zama ta dindindin, gara ka tambaya kafin ka ɓata makonni kana shiri.