Yadda za ki gyara jikinki ki ji daɗin ranki ko da a gida kike wuni

Shekara biyu ke nan ina ɗinki a ɗakina a Aboabo, nan Kumasi. Masu kaya ta WhatsApp suke turo awo, sai in yi kwana huɗu ban leƙa bakin titi ba. Abin da na lura ya fi kashe wa mace jiki a irin wannan zama shi ne zanin barci: da shi aka tashi, da shi aka yi shara, da shi la'asar ta riske ki. Ga yadda na gyara nawa zaman.

Da farko, bayan sallar asuba kada ki koma katifa. Yi wanka tun layin banɗaki bai yi tsawo ba, duk mai zaman gidan haya ta san abin da nake nufi. Sabulun salo, wanda ake kira alata samina a nan, ya wadatar, amma yana busar da fata, don haka ki bi shi da man kaɗe tun jiki da sauran danshi. Ɗan ƙanƙane za ki lakato, ki murza a tafin hannu har ya narke. Lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, ki ƙara wa diddige da leɓe.

Sai sutura, kuma nan ne zancen yake. Ki ware riguna uku na auduga marasa nauyi, na zaman gida kaɗai, ba tsofaffin da suka koɗe ba. Yadi uku na atamfa daga kasuwar Kejetia ya isa doguwar riga. Ki ɗaura kallabi, ki zizara kwalli, ki sa 'yan kunne ko ba ki jiran baƙo. Ranar da na fara haka, tsohuwar da muke gida ɗaya ta dube ni ta ce, "'Yata, ina zuwa da sassafe?" Na ce, "Hajiya, gaban keken ɗinki." Ranar na gama riguna biyu kafin azahar. Kitso kuwa a bar matse shi, yana cinye gashin gaban goshi.

Na uku, motsa jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba na buƙatar aƙalla minti 150 a mako, wato minti 30 sau biyar. Daina aiken yaro sayen koko da ƙosai, ki tafi da ƙafarki, ki zaɓi mai kokon da ta fi nisa. Hasken hantsi da zai taɓa ki a hanya yana taimaka wa jiki samar da bitamin D.

Abinci a ci shi a kan lokaci. Wake da shinkafa da rana, tuwon zafi da miyar ayoyo kafin isha'i, ba ƙarfe 10 na dare ba. Ajiye ruwa kusa da inda kike aiki. Ledar ruwa ɗaya rabin lita ce. Zoɓo a rage masa sukari.

Bayan la'asar ki buɗe taga, ki sa turaren wuta, ki kife wayar. Leƙa maƙwabciya ku gaisa baki da baki, ko ki bi matan unguwa zuwa makarantar Islamiyya. Kafin ki kwanta, ki goge rigar gobe tun da wuta, ki rataye ta a bayan ƙofa inda idonki zai fara sauka.