Idan an kira ka taro Abuja aka sauke ka a babban otal

Ni sakataren ƙungiyar manoman shinkafa ne a ƙasar Auyo, cikin kwarin Haɗejiya, kuma aikin ya sa nakan raka dattawanmu duk lokacin da aka gayyaci ƙungiya taron noma a birni. Abin da ya fi damuna a irin waɗannan tafiye-tafiye shi ne ganin mutumin da ke ciyar da gida mai mutum talatin ya kwana da yunwa a otal don kunyar tambayar inda ake cin abinci, ko ya dawo gida da bashin abin da bai san ya saya ba. Duka biyun rashin tambaya ke jawo su, alhali matambayi ba ya ɓata. Ga yadda nake shirya mutanenmu.

Tun kana gida ka kira wanda ya aiko da gayyatar, ka tambaye shi ɓaro-ɓaro me suka ɗauki nauyi. Kwana nawa? Ɗaki da karin kumallo kawai, ko har da abincin rana da na dare? Kuɗin mota za a mayar maka, kuma sai da rasit? In da hali ya turo maka amsar a rubuce ta WhatsApp. Galibi masu taro suna biyan ɗaki da karin safe, su ba da abincin rana a zauren taro, na dare kuwa su ba ka kuɗi a hannu ka san yadda za ka yi. Wanda bai san da haka ba shi ne ke zama ya ci na dare a otal yana zaton an biya. Ka riƙe katin shaida mai hoto, na zaɓe ko na ɗan ƙasa, don ba za a ba ka ɗaki ba sai da shi. A jakarka ka sa buta, darduma, silifas, cajar waya da maganinka idan kana shan na hawan jini ko na siga.

Otal ɗin da manyan taruka suka fi yawa a Abuja shi ne Transcorp Hilton da ke Maitama, kan titin Aguiyi Ironsi. An buɗe shi a 1987 da sunan Nicon Noga Hilton, wato ya riga gwamnatin tarayya tarewa a garin, tunda sai a Disambar 1991 Janar Babangida ya kwaso fadar mulki daga Legas. Yana da ɗakuna sama da 600, kuma a nan aka yi taron tattalin arziƙin duniya kan Afirka a watan Mayun 2014. Ina gaya wa dattawanmu wannan tarihin ne don su san irin gidan da za su shiga, kuma su san cewa Arewa ma ta yi irin nata. Hamdala ta Kaduna tun zamanin gwamnatin Sardauna take. Otal ɗin Durbar na Kaduna an gina shi ne don bikin al'adun Afirka na FESTAC na 1977, aka rushe shi a 2020. A Kano iyayenmu sun san Central Hotel ta Bompai da Daula ta titin Murtala Mohammed. Rushewar irin waɗannan gidaje tana yi mini zafi, domin a cikinsu aka zauna aka yanke shawarwari da yawa da suka shafi talakan Arewa. Abin da zan faɗa a ƙasa ya shafi kowane babban otal, ko a Abuja ko Legas ko Kano.

A bakin ƙofa za a duba mota, a wuce da jakarka ta na'urar bincike. Kowa ake yi wa haka, har mai jiniya, kada ranka ya ɓaci. Daga nan ka nufi dogon teburin karɓar baƙi, ka faɗi sunanka da sunan ƙungiyar da ta shirya taron. Yawanci sai bayan azahar, wajen ƙarfe biyu ko uku, ake ba da ɗaki, don haka idan ka iso da hantsi ka ba su ajiyar kaya, za su ba ka ƴar takarda mai lamba. Wani lokaci za a nemi ka ajiye kuɗi ko katin banki saboda abin da za ka iya ci ko sha a ɗaki. Kana da damar cewa ba ka so a buɗe maka wannan asusun, duk abin da ka saya za ka biya nan take. Ni haka nake sa a yi wa kowane dattijo da na raka, kuma ina roƙa masa ɗaki kusa da lif, don barandar irin waɗannan gidaje tana da tsawo.

Makullin ɗaki kati ne. Lambar farko ta ɗakin ita ce hawan benen, wato 512 yana hawa na biyar. Yaron da ya ɗauko maka kaya kada ka bari ya juya sai ya nuna maka komai, aikinsa ne, kuma tukuicin da za ka ba shi na wannan ne. A otal da yawa sai ka zura katin a wani ɗan rami da ke jikin bango kusa da ƙofa kafin wuta ta kawo. Ya nuna maka yadda ake rage sanyin esi, domin jikin da ya saba da zafin Haɗejiya idan ya kwana cikin wannan sanyin da mura zai tashi. Ka sa shi a 24 ko 25, ko ka kashe. A banɗaki jan alama ruwan zafi ne, shuɗi na sanyi, kuma zafin na iya sale fata, sai ka fara gwadawa da hannu. Kwamin wankan nan yana da santsi. Ka shimfiɗa ƙaramin tawul a ƙasa kafin wanka ko alwala, musamman idan shekaru sun ja.

Ƙaramin firij ɗin da ke ɗakin shago ne. Lemo, ruwa, cakulan, gyaɗa, duk wanda ka buɗe an rubuta maka, da farashin da ya ninka na kasuwa sau da yawa, kuma a wasu wuraren har giya ake jerawa a ciki. Kana iya kira a zo a kwashe. Abin da ke kyauta galibi shi ne gorar ruwan da aka ajiye kan tebur, da ganyen shayi da siga da ke gefen butar lantarki. Wanki ma da kuɗi ne, masu yawa. Ga ƴan'uwa mata kuma, Hajiya, turaren wuta ya jira ki a gida. A rufin ɗaki akwai na'urar da ke jin hayaƙi, garwashi ɗaya zai iya tayar da ƙararrawar gobara a gidan gaba ɗaya. A bayan ƙofa akwai taswirar matakalar fita idan wuta ta tashi, ku dube ta tun daren farko, don a irin wannan lokaci ba a shiga lif.

Alƙibla daga Abuja gabas ce mai karkata arewa. Wasu ɗakunan akwai kibiya a rufi ko cikin durowa, in babu ka kira teburin baƙi ka tambaya, su kuma nuna maka masallacin da ma'aikata ke salla. Idan Juma'a ta same ka, Masallacin Ƙasa ba shi da nisa da Maitama.

To, sai abinci, inda mutanenmu suka fi takura. A Transcorp Hilton akwai Bukka, inda ake jera abinci kowa ya ɗiba da kansa, na gida da na waje. Akwai Zuma Grill, mai sunan dutsen nan da kake wucewa a Madalla, wanda ke bayan tsohuwar takardar naira 100, inda ake zama a zaɓa daga takarda. Akwai kuma Oriental mai girkin ƙasashen Asiya. Karin kumallo a irin Bukka ake yinsa. A ƙofa za a tambaye ka lambar ɗaki, a kai ka tebur. Kada ka ɗauki faranti tukuna. Ka zaga sau ɗaya hannu rabbana, ka ɗaga murfin tukwanen ƙarfen nan ka ga abin da ke ciki. Za ka tarar da abin da ka sani: ƙosai, koko, alale, dafaffiyar doya, soyayyen filanten, wake, wani lokaci farfesu. Da rana ko dare akwai dafa-duka, sakwara da miyar agushi, sau da yawa har tuwon shinkafa.

Wajen mai ƙwai nake fara kai dattawa, don nan jikinsu ke saki. Mai girkin yana tsaye da doguwar farar hula, gabansa ƙananan kwanuka na yankakkiyar albasa, tumatir, attaruhu da koren tattasai. Shugaban ƙungiyarmu ya tsaya yana kallo, sai mai girkin ya dubi zanna bukar ɗinsa ya ce, "Baba Alhaji, barka da asuba. Guda nawa za a fasa?" Baba ya ce, "Yaro, ashe kana jin Hausa? Biyu, ka cika albasa, attaruhu kaɗan." Ya fasa da hannu ɗaya, ya kaɗa, ya zuba a kasko, kafin Baba ya gama tambayarsa garinsu ya naɗe wainar ya ɗora a faranti da zafinta. Ba a biyan ko sisi a kan wannan, yana cikin kuɗin karin safe. A kusan kowane babban otal na Abuja za ka sami ma'aikaci mai jin Hausa, in Turanci ya yi maka nauyi ka ce a kira maka shi.

Maganar halal ba abin jin kunya ba ce. A gaban kowace tukunya akwai ƴar takarda mai sunan abin da ke ciki. Idan ka ga pork, ham ko bacon, alade ne, sai dai in an rubuta cewa na sa ne ko na kaza. Jan naman nan da ake ɗurawa kamar yatsu shi ma ka tambayi na mene ne kafin ka taɓa. Wasu miyoyin Turawa da wasu nau'in kek da giya ake haɗa su. Tambaya ɗaya ta isa: akwai alade ko giya a ciki? Sun saba jin ta kullum, kuma wanda bai tabbata ba zai shiga kicin ya tambayo.

Ka ɗebi kaɗan, ka ci, ka koma. Ba a ƙirga wa kowa sahu, kuma duk komawa sabon faranti ake ɗauka, tsohon ka bar shi a tebur za a kwashe. A nan ina da magana da mahalarta taro, manya da ƙanana. Ina ganin farantai ana mayarwa da tulin shinkafa an ci cokali uku an bari, kuma duk abin da ya taɓa farantin baƙo shara za shi. Wanda ya tsaya cikin ruwa a fadama yana dashe, ya kwana yana ban ruwa da injin da fetur ɗinsa ya ci rabin ribar, ya yini korar jan-baki, bai kamata a ga hannunsa cikin wannan almubazzaranci ba. Haka kuma ba a ƙulle abincin ɗebi-da-kanka a leda a tafi da shi ɗaki. Wanda ka saya daga takarda ne idan ya rage za ka ce a juye maka.

Cokulan da aka jera kada su ruɗa ka. Mai yatsu a hagu, wuƙa a dama, ana farawa da na waje. Idan ka fi sakewa da cokali a hannun dama, ci abinka, sunna ma tana tare da kai. Farin ƙyallen a cinya ake shimfiɗa shi. Tuwo ko sakwara kuwa da hannu ake ci ko a ina, ka ce a kawo ruwan wanke hannu za a kawo a kwano. Idan za ka tashi ƙaro wani abu alhali ba ka gama da farantin ba, ka gaya wa mai hidima, in ba haka ba ka dawo ka tarar an ɗauke. Ruwan gora da lemo a abincin rana da dare sau da yawa kuɗinsu daban.

Inda ake zaɓa daga takarda, farashin da ka gani ba shi ne ƙarshe ba. Ana ɗora harajin kaya na kashi 7.5 cikin ɗari, wanda ya koma haka tun 2020, da kuɗin hidima. Idan aka kawo maka takarda ka rubuta lambar ɗaki ka sa hannu, ka ci bashi ne, ranar tafiya za ka biya. Wannan ya fi kama mutum idan ƴan'uwa sun zo gaisuwa. Da zarar an ji kana gari, ƴan garinku da ke Mararraba, Zuba da Dei-Dei za su zo, kuma ba ka iya barin baƙo ba ruwa. Ka tarbe su a falon ƙasa, ku gaisa, sannan ku fita tare ku ci tuwo ko tsire a gari. Kuɗin shayin mutum huɗu a otal zai ciyar da ku duka a waje har a yi guzurin kilishi daga Area 1.

Ranar tafiya galibi ƙarfe 12 na rana ake sakin ɗaki, wanda ya wuce ana iya caje shi ƙari. Tun da dare ka haɗa kaya, ka duba durowa, banɗaki da soket ɗin caja. Tawul da rigar wanka na otal ne, ƙananan sabulai da man wanke gashi naka ne. A teburin baƙi ka ce a buga maka takardar lissafi, ka bi ta layi-layi da yatsa. A wani otal na taɓa ganin an rubuta wa mutuminmu abincin dare na ranar da muke tare a wajen gari, muka nemi a kawo takardar da ya sa wa hannu, aka duba aka ga lambar ɗakin maƙwabci ce, aka goge. Idan komai ya daidaita ka karɓi rasit, ka tabbatar an sake maka kuɗin ajiyarka, ka miƙa katin. In ta Kaduna za ka bi, akwai jirgin ƙasa daga Idu ko Kubwa zuwa Rigasa, sai dai ka sayi tikiti tun da wuri. In mota ce kai tsaye zuwa Kano, ka bar otal da sassafe, domin daga Kano akwai sauran tafiya kafin Haɗejiya, kuma bai kamata dare ya yi maka a hanya ba.