Ƙurar asbestos a wurin aiki: kurakuran da ke ja wa ma'aikaci ciwo, su kuma hana shi diyya

A tsofaffin makarantu da gidajen ma'aikata na Sakkwato, farin silin ɗin nan da ake kira asbestos har yau yana nan, haka ma kwanon rufi na siminti, tsofaffin bututun ruwa da wasu takalman birki. Kafintoci, magina, leburori da makanikai su ne ke shaƙar ƙurarsa, kuma kusan kuskure iri ɗaya ake ta maimaitawa.

Babban kuskuren shi ne ɗaukar wannan ƙura kamar ta hunturu, wadda in ka yi tari ka fyace shike nan. Zarurrukan asbestos ido ba ya ganinsu, in suka shiga huhu kuwa sun zauna ke nan. Suna jawo tabon huhu mai hana numfashi, da sankarar huhu, da wata sankara mai suna mesothelioma da ke kama tantanin da ya lulluɓe huhu ko ciki. Ciwon yakan bayyana bayan shekara 20 zuwa 40. Shi ya sa maigida zai ce wa yaronsa, "Shekara nawa ina ɓalle silin, me ya same ni?" Wannan magana tana ba ni tsoro, don yaron ɗan shekara 18 ne, lokacin da ciwon zai taso yana da iyali a wuyansa. Birtaniya ta haramta asbestos gaba ɗaya tun 1999.

Gyaran ba shi da tsada. Silin da bai fashe ba a bar shi inda yake. In dole a cire, a jiƙa shi da ruwa, a kwance ƙusoshi a sauke shi ɗungurungum, kada a sa masa injin yanka ko guduma. Tsintsiya a busasshen ƙasa tayar da ƙurar take yi, a share da jiƙaƙƙen tsumma. Rawani ko takunkumin kyalle ba sa tare zarurrukan, sai takunkumi na musamman mai matatar ƙura da ke ɗauke da alamar P3. Gwangwanin madara ko furar da ake sha bayan aiki wai don wanke ƙirji, ciki take tafiya, ba huhu ba. Kayan aiki kuma kada a kai wa uwargida ta kakkaɓe ta wanke, mata da yawa a duniya ta nan suka kamu. Ɓaraguzan a ƙulle su a buhun leda, kada a rufa akurkin kaji da su. Mai shan sigari ya daina, don taba da asbestos in sun haɗu haɗarin sankarar huhu ninkuwa yake.

In haki da busasshen tari suka zo, sai a ce tarin fuka ne, a yi ta sayen magani a kemis. Je asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ka gaya wa likita aikin da ka yi da shekarun da ka yi shi, ko bai tambaya ba. Wannan bayanin ne zai sa ya karanta hoton ƙirjinka da wani ido.

Sai maganar haƙƙi, inda mutanenmu suka fi yin asara. Da yawa sukan ce ƙaddara ce. Ƙaddara gaskiya ce, amma neman diyya bai saɓa mata ba. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta haɗa da cututtukan da aiki ke jawowa, hukumar inshorar ma'aikata ta gwamnatin tarayya, wato NSITF, ce ke biya, daga kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi da mai kamfani ke zubawa. Dokar ta shafi ma'aikacin wucin gadi da mai koyon aiki, har wanda aka ɗauka da baki. Tana so ka sanar da wanda kake wa aiki cikin kwana 14 da sanin ciwon, ka kuma shigar da neman diyya cikin shekara 1 da bayyanar ciwon. Jinkiri na iya kashe buƙatarka.

Kada ka karɓi "kuɗin magani" ka sa hannu a takardar da ba ka karanta ba. Nuna wa lauya tukuna, ko ka je ofishin Legal Aid Council, hukumar da ke taimaka wa marasa ƙarfi da lauya, in babu hali. Rikicin aiki Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ake kai shi. Tun yau ka ajiye katin shaidar aiki, takardar albashi, hoton wurin aiki a wayarka, da sunayen abokan aiki biyu da za su iya shaidar cewa kun sauke silin tare.