Yadda na gyara laptop ɗina da ta ƙi ganin monita ta biyu

Kwana biyu ina fama da wannan abu wallahi. Na jona monita da wayar HDMI, ta kawo wuta amma sai No Signal kawai take nuna min. Na danna Windows da P na zaɓi Extend, shiru. Na shiga Settings, Display, na danna Detect, wai ba ta ga komai ba.

Da farko na ɗauka waya ce ta lalace, har na aro ta maƙwabcina, ashe wayata lafiyarta ƙalau, na dai tayar da bawan Allah daga barci a banza.

Sai da na buɗe Device Manager, wurin da Windows ke jera kayan cikin kwamfuta, na duba Display adapters na ga an rubuta Microsoft Basic Display Adapter, nan na gano bakin zaren, domin satin da ya wuce aka yi min sabon Windows 10 kuma mai gyaran bai sa direban graphics ba, wato manhajar da ke sarrafa abin da ke fitowa a allo, shi kuwa wannan Microsoft Basic ɗin direba ne na wucin gadi, allo ɗaya kawai yake iya ɗauka. Na sauke direban Intel daga shafin kamfanin laptop ɗin, ya ci min data sosai, na yi restart, kafin ma in zauna monitar ta kawo.